Maki Bakwai da Akwatin Baba Ilu

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai tsare matafiyi da wanda aka bari a gida.

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, wadda bakina bai iya kiran sunanta, sai dai in ce Uwata.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Yamai lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba. Na cusa ta a cikin murfin akwati ne don na san ba za ki buɗe shi ba sai kin isa masauki. Kin san halina. Sunan mahaifiyata gare ki, ba zan iya zaunar da ke in dubi idonki in ce na yi kuskure ba. Da alƙalami na fi ƙarfin hali, shekara talatin da biyu muna tare da shi a lakwal, wato makarantar boko.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yau kika baro shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat tun ranar Lahadi. Makarantar koyon fim ɗin nan da za ki ta ce kowa ya kawo gajeren fim guda da ya yi da hannunsa, da shi za a duba a ɗauke shi ko a ce ya koma gida. Ke biyu gare ki. Akwai na matar da ke tsaye a gonar da ta bushe, akwai kuma wanda kika ɗauka da salula a Safo ranar suna, ƙanena Baba Ilu yana wasansa na akwati, mutane suna faɗuwa don dariya. Kika same ni a inuwar bedi kika ce, "Baba, wanne zan kai?" Ba ki rufe baki ba na ce na gona. Na ce wancan ai wasan kasuwa ne, ba a kai shi gaban masu ilimi. Kika ce to, kika kife salular a cinyarki.

Uwata, na janye wannan magana. Ba ma tawa ba ce. Wani ne ya raɗa mini ita shekara talatin da suka wuce, na haɗiye, ga shi ta fito daga bakina kamar jiya aka zuba ta. Zaɓi naki ne, ba zan tilasta miki ba. Amma kafin ki miƙa musu ko wanne, ya kamata ki san irin mutumin da ya ba ki shawara, da wuraren da ya sha yin tuntuɓe.

Kuskurena na farko, na koyi jin kunyar dariya. Da na fito daga makarantar horon malamai aka fara ce mini mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a nan, sai na ɗauka mai ilimi fuskarsa a ɗaure take. Lokacin akwai rumfar bidiyo a bayan tasha, an kewaye ta da zana, injin gurup mai ba da wuta yana ƙugi a waje, shiga dala biyar. Ranar da aka sa fim ɗin Indiya mai kuka ko na Kano mai wa'azi, nakan shiga in zauna gaba, in fito in yi ta sharhi a majalisa. Ranar ƴan barkwanci kuwa ba a ganina ciki, har ina gaya wa ɗalibaina ɓata lokaci ne. Amma ki tambayi duk wanda ya san ni a lokacin. Sarƙar kekena ba ta taɓa zamewa sai daidai jikin zanar nan, kuma sai ranar barkwanci. In durƙusa ina ta gyaran abin da bai lalace ba, kunnena na ciki, kafaɗuna suna rawa. Har mai rumfar ya gane. Wata rana ya leƙo ya ce, "Mushe, a kawo maka benci, ko keken ya kusa warkewa?" Na hau na tafi, mako biyu ina zagayawa ta wata hanya.

Don haka kada ki yi wa kanki ƙarya a kan abin da ya taɓa ki. In fim ya sa ki dariya, to ya sa ki. In ya sa ki hamma, ya sa ki, ko da duk ajinku sun ce ba a taɓa yin irinsa ba. Daga baya kya nemi dalili, kya iya ma sake ra'ayi in an nuna miki abin da ba ki gani ba. Amma ki fara daga abin da jikinki ya gaya miki a kan benci, kafin ki dubi fuskar na kusa da ke.

Abin haushin, na san sarai ba da dariya aiki ne mai wuya, don na gwada. Wata shekara aka ce kowace lakwal ta shirya wasa a kan tsabtar rijiya. Na zauna na rubuta shafi tara, na saka abin dariya har wuri uku, na ja musu layi da jan bik. Ranar wasa, da aka zo wuri na farko, fili ya yi tsit. A na biyu wata akuya ta yi kuka, ita aka yi wa dariya. Na ukun ban ji ba, na riga na ɓuya bayan aji. Ilu yana wurin. Lokacin saurayi ne, yana da ƴar ƙungiyarsu ta wasa su shida a Safo, inda Innarmu take zaune. Da aka watse na tambaye shi cikin fushi me ya ɓace. Ya ce, "Yaya, mutanenka suna faɗin abin dariya suna jiran a yi dariya. Mai ba da dariya bai san ana yi ba. Shi yana cikin wahalarsa, mu ne muke gani." Ban taɓa jin wani malami ya faɗi abin da ya fi wannan a kan sana'ar ba, kuma wanda ya faɗa aji huɗu ya yi ya gudu.

Na daɗe ina juya maganar. Kuka yana da haƙuri. Ki kashe uwa a fim, ki sa sarewa, ki bar kamera a kan marayu, ko kin yi jinkiri ko kin yi gaggawa sai wani ya share ido. Mutum ma yakan yi kukan kara, don kada a ce ba shi da tausayi. Dariya ba ta san kara ba. In kin riga ta da numfashi ɗaya ta mutu, in kin makara da numfashi ɗaya ta mutu, kuma nan take za ki sani, gaban kowa. Duk na san wannan kafin ranar da zan ba ki labarinta yanzu, shi ya sa ba ni da uzuri.

Aka shirya gasar wasan kwaikwayo ta matasa a nan Madarunfa, ƙungiyar da ta ci ita za ta wakilce mu a Maradi. Ƴan Gabi sun zo, ƴan garin Sarkin Yamma sun zo, su Ilu suka zo daga Safo a kan amalanke. Alƙalai uku aka zaunar a teburi: ni, da wata ungozoma, da wani baƙo daga Maradi wanda aka ce ya yi karatun wasan kwaikwayo a ƙasar waje. Aka ba kowa takarda mai gida huɗu, saƙo da ɗa'a da tufafi da lafazi, a haɗa maki bisa ashirin. Ki lura, babu gidan da ke tambaya ko mutane sun saurara, balle ko sun yi dariya.

Wasan nan da kika ɗauka a Safo, ranar gasar aka fara yin shi. Kin san shi, amma bari in gaya miki yadda na gan shi lokacin da Ilu ke da ƙarfinsa. Mutum ne ya tafi ci-rani Najeriya, ya yi wata biyar bai samo komai ba. Kunya ta hana shi shiga gari hannu rabbana, sai ya tsaya bakin gulbi ya cika akwatin ƙarfe da duwatsu, ya ɗora a ka, ya sa baƙin tabarau, ya shigo yana taku ɗai-ɗai. Matsalar ita ce duk wanda ya tare shi yana so ya karɓar masa kaya, shi kuma ba dama ya bari a ji ƙarar abin da ke ciki. Haka ya gaida liman da akwati a ka. Ya durƙusa wa surukinsa da akwati a ka. Aka miƙo masa fura ya sha da akwati a ka, wuya yana lanƙwashewa, gumi yana zuba, shi kuwa yana ta ba da labarin yadda arziki yake a can. Uwata, filin nan ya kusa tsagewa. Tsofaffi suna riƙe ciki, mata suna tafawa suna faɗa wa juna. A ƙarshe ya isa gaban uwarsa, ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Sauke, ɗana. Babanka ma da dutse ya dawo." Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta lafa da kanta, don rabin mazan da ke wurin sun taɓa shigowa gari da irin wannan kaya, ko da ba a cikin akwati ba.

Ni kuwa na cusa fuskata a hannun rigata kamar mai tari, hawaye har sun jiƙa ta. Da na ɗago, baƙon Maradi ya karkato ya ce mini a hankali, da Faransanci, wannan ai wasan kasuwa ne. Nan take tsoro biyu suka kama ni. Kada ya ce mushen ƙauye bai san abu mai daraja ba, kada kuma gari ya ce na fifita ƙanena. Na share ido, na ɗauki bik, na rubuta bakwai.

Bakwai, Uwata, bisa ashirin. Da aka haɗa takardu na ga ungozoma ta ba su sha bakwai. Baƙon nan da nake tsoro, wanda ya ce wasan kasuwa ne, ya ba su sha ɗaya. Ni na fi kowa rowa. Maki uku kacal suka raba su da waɗanda suka ci, wasu da suka yi wasa a kan dashen itace, inda wani ya ɗaura ganye a ka ya yi jawabin rabin awa a matsayin gawo. Ba ƙarya suka faɗa ba, itace yana da amfani, amma ana cikin jawabin mutane suka fara tafiya alwalar la'asar tun ba a kira ba. Su na ba sha shida, su suka tafi Maradi. Ƙungiyar Ilu ba ta kai damina biyu ba ta watse. Uku suka tafi ci-rani na gaske, shi kuma ya sayi jaki ya kama dakon tubali da kara.

Ba na cewa da ya je Maradi da yanzu shi wani ne, Allah kaɗai Ya san wannan. Abin da na sani, ƙofa guda ta buɗe masa a rayuwarsa, kuma hannun wansa ne ya rufe ta. In wata rana aka zaunar da ke a teburi aka ba ki bik, kafin ki rubuta ki tambayi kanki wa kike tsoro. Masu hukunci da yawa idonsu yana kan na kusa da su fiye da kan aikin. Kuma ki sani, zaluntar naka don a ce kai adali ne shi ma son kai ne. Da na ga ƙanena cikin masu gasa, abin da ya kamata in yi shi ne in tashi in ce a nemo wani, amma kujerar ta yi mini daɗi.

Kuskuren da ya biyo baya ya fi wannan ciwo, ko da yake kalma uku ce. Juma'ar da ta zagayo na je Safo gaida Inna, mai sunanki. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai an gaya mata na yi adalci, ban dubi jini ba. Sannan ta ce, "Amma kai ba ka yi dariya ba?" Na ce ban yi ba. Ta dube ni, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ilu yana bayan zana yana alwala, ban san ya ji ba. Har ta bar duniya ban gyara maganar nan ba. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace, kullum kuma in na je sai mu ɓige da zancen damina.

Da ta rasu, kwana shida ban iya cin abin kirki ba. Ranar bakwai, bayan baƙi sun ragu, muna zaune mu ƴaƴanta a tsakar gida. Sai Ilu ya tashi ya ɗauki tsintsiyarta, ya fara korar kaji da muryarta, yana kiran kowace kaza da sunan maƙwabciyar da ta ɓata mata rai, yadda take yi. Muka yi dariya muna kuka, har Goggonki Habsu ta kwanta a ƙasa. Ranar na ci tuwo na ƙoshi. Duk wa'azin haƙuri da aka yi mana na gode, amma tsintsiyar nan ce ta kwance mini ƙirji. Kuma ko a ranar ban buɗe baki na ce masa komai ba. In kin ɓata wa wani, Uwata, ki je tun abin yana ɗanye. Lokacin da ya dace ɗin nan da ake jira, ni ban taɓa ganin zuwansa ba.

Kya ce wannan ya ishe ni darasi. Ina! Bayan wasu shekaru aka ba ni rabin awa a rediyo kowace Asabar in yi sharhin finafinai. An taɓa kawo mana wani fim a zauren taro, aka ce ya ci lambobi a ƙasashen Turawa. Mutum yana tafiya cikin rairayi, ya zauna, ya tashi, ya ƙara tafiya. Na yi gyangyaɗi sau biyu, na farka yana nan yana tafiya. Asabar na hau rediyo na ce fim ne mai zurfi wanda ke buƙatar nutsuwa. Mahaifiyarki, wadda ta zauna kusa da ni a zauren, ta ce lalle ta ga nutsuwa, har da minshari. Wataƙila fim ɗin yana da kyau, ban sani ba, tunda ban gan shi ba. Mai fim bai yi mini laifi ba, ni ne na yabi abin da ban kalla ba. Kuma a duk shekarun nan ban taɓa ba fim ɗin barkwanci fiye da jimla biyu ba, kullum da "ga masu son nishaɗi" nake farawa, kamar mai nuna wa baƙo hanyar bayan gida.

Na yi tunanin abin da ya sa mu masu sharhi muke haka. Ina jin abin da muka iya bayaninsa muke yabo. Fim mai ban tausayi yana ba ka abin faɗa, talauci da fari da maraici, ka cika rabin awa ba ka sha wuya ba, a kuma ce kai mai tunani ne. Abin dariya kuwa da ka fara bayaninsa sai ya tsinke a hannunka, kai ka koma kamar wawa. Sai mu ɗora masa laifin gazawarmu mu ce ba shi da nauyi. Ga kuma wurin zama. Mai sharhi yakan kalli fim shi kaɗai ko cikin irinsa, da takarda a gwiwa, alhali barkwanci don taro aka yi shi. Wanda bai zauna a rumfa cikin mutum hamsin ya ji benci yana girgiza ba, rabin fim ɗin ya gani. Ki je kowace majalisa a garin nan ki saurara, za ki ji dattawa suna maimaita maganar wani ɗan barkwanci da suka ji tun kafin a haife ki. Finafinan da na yaba kuwa, ni kaina na manta yadda suka ƙare.

Kada ki ɗauka ina cewa ki raina malamanki. Sun san abin da ni da ke ba mu sani ba, don shi kika tafi. Akwai masu sharhi na ƙwarai, kuma da abu ɗaya ake gane su: suna nuna miki wuri. Ungozomar nan, a ƙasan takardarta ta rubuta cewa shan furar ya yi tsawo, amma maganar uwar ta zo daidai lokacinta. Ita ce ta kalli wasan a cikinmu. Wanda ya ce aikinki yana da zurfi ko ba shi da zurfi, bai nuna miki ko minti ɗaya ba, ki gode masa ki wuce. Wanda ya ce a nan kika yi sauri, a nan kika bar mu muna jira, ki riƙe shi ko da maganarsa ta hana ki cin abinci ranar.

Akwai wani tuntuɓen ta ɗaya gefen, ba zan ɓoye shi ba, kada ki ce duk dariya mai tsabta ce. Bayan na bar aiki na saki jiki, ina kallon komai a tele a ƙofar gida tare da maƙwabta. Wata rana aka sa fim da duk abin dariyarsa mutum ne mai in'ina. Na fi kowa ƙyaƙyatawa. Na manta maƙwabcinmu tela, mai ɗinka miki kayan salla, yana bayana a kan tabarma, kuma kin san yadda harshensa yake. Ya tashi ya sa takalmi ya ce zai duba awaki. Wannan karon dai na je washegari na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai sake zama kallo da mu ba. Tun ranar, in na ji dariya ta taso sai in tambaya wa ake yi wa. A wasan Ilu mai akwati mu ne, kuma uwarsa ta karɓe shi a ƙarshe. A wancan fim mutum ɗaya aka tsayar a tsakiya, sauran duka suna nuna shi. Za ki tarar da masu mai da ƙauyawa abin dariya don su burge birni, da masu yin haka da gurgu da makaho. Kada ki shiga cikinsu, ko da su ake kallo a kowace salula.

To, bari in yi abin da ban yi ba ranar Lahadi, in gaya miki ra'ayina na gaske. Kin bar su a salular mahaifiyarki, na sake kallon kowanne sau uku. Fim ɗin gona yana da kyaun hoto. Yadda kika ɗauko karan gero a tsaye da rana a bayansa, ban san ana iya wannan da salula ba. Amma ba naki ba ne, Uwata, irinsa kika gani kika ji ana yabo. Goggonki Habsu kika tsayar minti shida ba ta ce uffan ba, matar da ko a gidan makoki sai an roƙe ta take yin shiru! Ni na ga shekarar fari da idona, ba ɗaya ba ba biyu ba. Ban ga mata suna tsayawa a gona suna duban sama ba. Bakin rijiya nake ganinsu suna zolayar juna a kan wadda kununta ya fi tsinkewa, su koma gida su yi kukansu inda ba mai gani.

Fim ɗin Safo yana da aibu. Minti na farko duk gaishe-gaishe ne, ki yanke shi. Muryar Ilu ta ɓace a wurin liman saboda maroƙi ya ɗaga tasa. Hoton yana rawa a wurin fura don ke ma dariya kike, wannan kada ki taɓa shi. Amma akwai abin da kika yi wanda ba wanda ya koya miki. Da aka zo maganar uwar, ba ki bar kamera a kan Ilu ba, kika juya ta kan mutane. Kika kama wani magidanci a bakin rumfa, wanda na san bai yi wata guda da dawowa daga kudu ba, yana dariya da dukkan haƙoransa, sannan ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Sau uku na kalla, sau uku ina tsayar da shi a nan. Na ma nemi mutumin na tambaye shi ko ya yarda a nuna fuskarsa, ya ce a nuna, ai duk Safo ta riga ta sani. In malamanki sun san aikinsu, wannan ɗan juyin za su gani. In ba su gani ba kina iya faɗuwa da shi, ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba. Ni dai shi zan kai da ni ne ke.

Ranar Litinin da kika ga na hau kabu-kabu na ce zan je duba gona, Safo na tafi. Na sami Ilu a ƙofar gida yana ɗaura wa jaki amalanke, zai kai tubali. Na ce ya dakata, ina da magana. Na gaya masa duka, hannun riga da baƙon Maradi da bakwai ɗin. Bai dube ni ba, yana ta jan igiya. Da na gama sai ya dafa wuyan jakin ya ce masa, "Ka ji, mushe ya zo gyaran maki bayan shekara talatin. Kai ma ka yi haƙuri, naka na nan tafe."

Sannan ya juyo. Ya ce tun daga tsakiyar fili yake hango hulata tana rawa a bayan hannun riga, kuma saboda ita ya ja shan furar ya yi tsawo, yana so ya ga ko za ta faɗi. Ya ce bakwai ɗin ya yi masa zafi wata ɗaya ko biyu, ya wuce. "Abin da bai wuce ba, Yaya, da ka ce wa Inna ba ka yi dariya ba. Ni don ta ji an ce na sa ka dariya na yi wasan." Uwata, na zauna a kan amalanken nan. Na yi kuka gaban ƙanena da jakinsa, bai hana ni ba.

Da na nutsu ya tambaye ni yau nawa zan ba shi. Na ce ashirin bisa ashirin. Ya girgiza kai ya ce har yanzu ban gyaru ba, da na rage don tsoro, yau na ƙara don kunya. Ya ce sha biyar ne, ungozoma ta yi gaskiya, furar ta yi tsawo. Muka tsaya a kan sha biyar. Na yi dariyar da ya kamata ya gani tuntuni, ban kuma sa hannun riga ba.

Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da akwatin. Wannan da kike ta ƙorafi mun haɗa ki da tsohon akwatin ƙarfe alhali na ƙawayenki masu taya ne, shi ne. Kin gan shi a fim ɗinki, amma mahaifiyarki ta sa an shafa masa shuɗin fenti, shi ya sa ba ki gane shi ba. Ilu ya ce wuyansa ya daina ɗauka, a ba mai kamera. A gabana ya zazzage duwatsun a gindin danga, waɗansu tun na ranar gasa ne, har sun yi sulɓi. Ya ce in an tambaye ki a Yamai wane ne ɗan wasan nan, ki ce mai sha biyar ne bisa ashirin, kuma mushe ya sa hannu.

Ga maganata ta ƙarshe. Wataƙila su ɗauke ki, wataƙila ba za su ɗauke ki ba. Ko sun ɗauke ki, akwai shekarar da za ta zo ba yadda kike so ba, kowa da ya fita gida ya gamu da ita. In hakan ta faru, kada ki tsaya bakin gulbi kina neman abin da za ki cika akwatin nan da shi. Kada ki kira mu kina cewa lafiya lau alhali ba lafiya ba. Ki ɗauko shi wayam ki shigo gari da rana tsaka, kowa yana gani. Ni zan tare ki a tasha in karɓa, ba kuma zan girgiza shi in ji abin da ke ciki ba. Na ɗauki nawa dutsen shekara talatin, sai Litinin ɗin nan na sauke, kuma wanda nake ɓoye wa ashe tun ranar farko ya san nauyinsa.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci ko da aiki ya yi miki yawa. Mahaifiyarki tana gaishe ki, da Goggonki Habsu, wadda ta ce ba za ta sake yin shiru don kowa ba. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki malamai masu adalci da abokan zama masu tsoronSa, Ya sa abin da za ki koyo ya amfane ki ya amfani mutane. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, da kaya ko babu kaya. Amin.

Ni ne mahaifinki, mai kiranki Uwata.